Baƙin Tiyo da Inabin Obedi

Dodoma, 9 ga Yuni, 1996

Zuwa ga Nasoni, ɗan yayana Obedi,

Bayan gaisuwa, ina fata kana lafiya, kai da matarka Keziya da 'yan biyu. Ni dai da sauƙi, gwiwar hagu ce ke damuna in zan tashi, sai kuma hawan jinin da ka ƙara min, wanda shi ne dalilin wannan takarda.

Injin gyara ruwan da ka kafa min a ɗakin ajiya lokacin Ista yoyo yake yi. Ka ce in ya zauna buta za ta daina yin farin dutse a gindi, sabulu zai yi kumfa, fatar hannuna ta daina tsagewa. To, sabulu ya yi kumfa, ban musa ba. Amma daɓen ɗakin kullum a jiƙe yake, bangon bayansa ya fara zubar da fenti, buhun dawata guda ya yi tsiro ta ƙasa. Wannan ma ƙarami ne. Ranar Talata da tsakar rana ina tsintar wake na ji wani gurnani, na shiga na tarar siririn baƙin tiyon nan da ka zura ta taga yana ta ambaliya cikin kwata. Na tsaya da agogo a hannu, ya fi sa'a guda yana zuba. A garin nan, Nasoni, inda famfo ke zuwa sau biyu a mako.

Ka san abin da ke bayan gidan nan. Gindin inabi arba'in da ɗaya, waɗanda ubanka ya dasa da hannunsa shekarar da aka haife ka, ya kuma bar min su amana a gadon asibiti. Tun Afrilu ba a sake ɗigon ruwan sama ba. Sun fitar da 'ya'ya, kuma da ɗan abin da nake ragewa a tanki nake bin su bokiti-bokiti don su kai Satumba. Yanzu abin da zan ba su shi wannan baƙo naka yake zubarwa a kwata ina ji ina gani.

Na ninke bakin tiyon na ɗaure shi tam da robar taya. Kwana huɗu lafiya lau, a na biyar duron gishirin da ke gefen injin ya cika ya tumbatsa, ruwa har ƙofar kicin. Shi kansa gishirin abin magana ne. Ruwan da duk garin nan ke kira ruwan gishiri, kai ka zo ka ce maganinsa a ɗura masa gishiri. Ranar na yi shiru ne kawai saboda akwai baƙi.

Ka rubuto min abin da zan yi, da rubutun da ɗan Adam zai iya karantawa. Shekara talatin ina koya wa 'ya'yan mutane rubutu, ɗan gidanmu ne kaɗai ya gagare ni. In ba ka amsa ba zan sa a fitar da shi tsakar gida kaji su samu wurin hawa.

Shangazinka, ƙanwar ubanka,
Ezeleda

Mombasa, 24 ga Yuni

Shikamo, Shangazi.

Na durƙusa na gaishe ki, ina jiran marahabarki. Takardarki ta same mu lafiya. 'Yan biyu sun yi mura sun warke. Keziya tana gaishe ki, ta ce ki riƙa gasa gwiwar da ruwan ɗumi. Aikin otal sai godiya, ni ne dai a kan tukunyar ruwan zafi da injinan wanki daga safe har yamma.

Don Allah kafin ki gama karanta wannan ki je ki kwance robar nan. Wa ya ce ki ɗaure? Da bakina na ce kada a taɓa tiyon ranar da na kafa shi, kina can kina yi wa Keziya faɗan yawan mai a miya. Injin da na yi wata biyar ina bin manaja kafin ya bar min shi, na rungumo shi kwana biyu a bas, shi kika shaƙe da robar taya. In kan injin ya fashe ko a Nairobi ba lalle a samu irinsa ba.

Abin da kika gani ba yoyo ba ne. A cikin doguwar tukunyar injin akwai wasu ƙwayoyi kamar gero, su ke kama farar ƙasar da ke cikin ruwa. Abin da ke ruwanku farar ƙasa ce, ba gishiri ba, ko da duk Dodoma ta taru ta rantse. In ƙwayoyin suka ƙoshi, injin yana wanke su da kansa duk kwana huɗu. Ruwan da ke fita ta baƙin tiyo ruwan wanki ne kawai, ki bar shi ya fita waje. Toshe masa hanya da kika yi ne ya hana shi jan ruwan duron, shi ya sa ya tumbatsa. Da sassafe ya kamata ya yi wankin, ɗauke wutar da ake yi ce ta rikita agogon da ke kansa. Ki danna jan maɓallin ki juya faifan har ya yi daidai da agogon hannunki. Zancen gishiri kuwa dogo ne, ba na takarda ba ne. Ki dai riƙa zuba mai tsakuwa, na miya caɓewa yake ya toshe gindin duron.

Jiƙewar daɓe ita ce yoyon gaske, ga yadda za ki kama shi. Ki goge ko'ina ya bushe ƙayau, ki shimfiɗa tsohuwar jarida a ƙasa, ki naɗe kowace mahaɗar bututu da guntun takarda, ki ba shi rabin sa'a. Wadda ta fara jiƙewa ita ce ɓarauniyar. Kada ki kula da inda ruwa ya taru, ki duba sama, don ruwa yakan bi jikin bututu ya je ya ɗiga a wurin da bai san hawa ba bai san sauka ba. Ni wuyan da ke bayan kan nake zargi, inda shuɗɗan hannaye biyu suke. In nan ne, ki juya hannayen su kalli juna, ruwa zai bi ta gefe ya bar injin. Sai ki zare ƙarfen da ya riƙe wuyan, za ki ga baƙin zoben roba. Na sa sababbi uku a ambulan ɗin nan, ki jiƙa ɗaya da ruwan sabulu kafin ki zaunar da shi.

Inabin Baba kuwa ina sane da su, ba sai an tuna min kamar wani bare ba.

Ɗanki,
Nasoni

Dodoma, 12 ga Yuli

Marahaba, Nasoni.

Muna lafiya. Sanyin safe ya matsa, amma gwiwar ta lafa, za ka ji dalili a ƙasa. Ka ce wa Keziya na gode, man miyarta dai yana nan a yadda na faɗa.

Na yi aikin jarida. Wuyan ne kamar yadda ka ce, kada kanka ya kumbura tukuna. Da na zare ƙarfen da filaya, zoben ya fito a tsinke gida biyu, an matse shi a karkace tun ranar farko, kuma ni da kai mun san hannun da ya matse shi. Na sa sabo, na mayar, na shimfiɗa wata jaridar. Yau kwana tara ko ɗigo babu. Agogon ma na daidaita shi, kodayake duk ranar da aka ɗauke wuta sai na sake, kamar mai renon ɗan wani.

Maganar tiyo kuma, da tun farko ka buɗe baki ka ce min ruwan wanki ne, da ba mu yi wannan dogon ja-in-ja ba. A gidan nan tun zamanin kakarka ba a taɓa zubar da ruwan wanki a kwata ba. Na kwanuka na gwanda ne, na tufafi na inabi ne, haka ka taso ka gani. Na samo dogon tiyo na haɗa da naka, na ja 'yar hanya da fartanya ta bi layi biyar ɗin duka. Na tara hannu na ɗanɗana shi da ya fara zubowa, ruwa ne garau, ya ma fi na wankin tufafi tsabta. Da na ga haka sai na tura 'yan ƙusoshin da ke jikin faifan agogon don ya riƙa wanki duk kwana biyu maimakon huɗu. Yanzu shi ke ban-ruwa, ni ina zaune a kujera ina kallo, na huta da ɗaukar bokiti. In nonnan inabin suka cika yadda suka faro, zan aiko muku da kwali biyu a Satumba.

Abu ɗaya ya rage, kuma kada ka sake ce min dogo ne. Buhun gishiri guda ya ƙare cikin mako biyu da rabi. A shayi ban ji shi ba, a tuwo ban ji shi ba. Wai ina yake tafiya?

Shangazinka,
Ezeleda

Dodoma, 16 ga Agusta

Nasoni,

Ina fata lafiya ce ta sa ka yi shiru, don in lafiya ce to rashin kunya ce. Mako biyar ke nan. Ni ƙalau nake, inabin ne ba ƙalau ba.

Ganyen layin farko ya fara ƙonewa ta baki-baki, kamar an bi shi da wuta. Na ce ƙishi ne, iskar bana ta yi yawa, sai na mayar da wankin kullum. Maimakon su farfaɗo, abin ya haura layi na biyu da na uku. 'Ya'yan sun tsaya da girma, wasu sun yamushe tun suna kore, in ka taɓa nono sai ya zube a hannu. Na kira malamin gona, ya zagaya da hannu a aljihu ya ce cutar ganye ce, aka yi feshi sau biyu, kamar ma zuga su aka yi. Jiya na ga ƙasar gindinsu ta yi wani fari-fari a sama.

Shekara goma sha ɗaya ina riƙe da su bayan ubanka, ta wuya ta daɗi, ban taɓa rasa gindi ɗaya ba. Yanzu ina kallo suna tafiya ban san me ke cin su ba, wanda ya ce shi ba bare ba ne kuma ya kasa sayen kan sarki.

Ezeleda

Mombasa, 29 ga Agusta

Shikamo, Shangazi.

Muna lafiya, sauran gaisuwa sai wani lokaci. An tura ni Lamu gyaran wani otal mako shida, jiya na dawo na tarar da takardunki biyu a kan tebur. Wannan ta hannun direban bas na ba da ita don ta riga gidan waya.

Ki cire tiyon nan daga gonar yanzu, ki juya shuɗɗan hannayen su kalli juna, ki zare wayar wutar. Kin tambaya ina gishirin ke tafiya. Gindin inabin Baba yake tafiya, buhu bayan buhu, kuma ke kika ja masa hanya da fartanya. Da ruwan gishiri injin ke wanke ƙwayoyin. Minti goma na farko ruwan banza ne, shi kika ɗanɗana. Bayansa gishiri ne zalla wanda ya fi na tekun nan kauri, daga ƙarshe ya ɗauraye da mai kyau, ya bar ki kina sa masa albarka. Ba ki ga ko ciyawa ba ta fitowa a bakin kwatar da na kai shi ba?

Na rubuta ki bar shi ya fita waje. Waje na ce, ban ce gona ba. Kuma wa ya aike ki taɓa ƙusoshin faifan? Kwana huɗu na sa, kika mai da shi biyu, kika mai da shi kullum, ba ki tambayi kowa ba. Haka kike tun muna yara, in an ce ga hanya sai kin ce kin fi kowa saninta.

Abin da ya rage shi ne a kankare farin ɓawon nan a kwashe shi nesa, a buɗe gindin kowanne a yi masa kwari, a malala masa ruwa mai kyau, mai yawa, a sake, a kuma sakewa, har gishirin ya nutse ƙasa da saiwa. A tsinke 'ya'yan duka, kada su ƙara wa itacen nauyi. Na san abin da nake cewa game da ruwa mai yawa a Dodoma cikin Agusta, amma wani magani babu.

Nasoni

Dodoma, 7 ga Satumba

Nasoni,

Shikamonka ta iso. Marahabata tana nan a wurina, ban ba ka ba. Lafiyata kuma ba ka tambaya ba, ba zan faɗa maka ba.

A tsaye na karanta takardarka a bakin tasha. Na dawo gida na durƙusa da wannan gwiwa a gindin layin farko, na lakaci ƙasar na sa a harshe. Na daɗe a wurin kafin na iya tashi.

Takardarka ta Yuni tana gabana, ga abin da ka rubuta da wannan rubutu naka na tafiyar kaza: "Ruwan da ke fita ta baƙin tiyo ruwan wanki ne kawai, ki bar shi ya fita waje." Nuna min gishiri a cikin wannan layi. Har da "kawai" ka ƙara. A cikin gidan nan aka yanke maka cibiya, da hannunka ka sha ɗaukar bahon wankin uwarka ka kai gindin inabin nan, in ka zubar a hanya a ja maka kunne. Ka san abin da ruwan wanki yake nufi a bakinmu, ka san kuma inda wajen gidan nan yake. Ka je bakin teku inda ake wanka sau uku a rana, ka ɗauko maganar ma'aikatan otal ka aiko wa tsohuwar da ke ƙirga ruwa da moɗa.

Kuma na tambaye ka zancen gishiri tun takardar farko. Ka ce dogo ne, ba na takarda ba ne. Yanzu da aka yi ɓarna ga shi ka rubuta shi cikin layi huɗu. Ba tsawo ne ya hana ka ba, rainin hankali ne, ka ga tsohuwa ba za ta gane ba. Ni da na koya maka raba lissafi da tsinken ashana. Ƙusoshin faifai ni na tura su, ban ɓoye ba, zan kuma amsa wannan a gaban Obedi ranar da muka haɗu. Kai ma ka shirya taka amsar.

An yi abin da ka ce, ihu bayan hari. Matan zumuntar cocinmu su goma sha huɗu suka zo da bokitai, kwana shida muna jido daga rijiyar bakin rafi, kowace ta bar tankin gidanta a bushe. Na tsinke 'ya'yan da hannuna, kwando tara, ko awaki sun shinshina sun bari. Na kankare ɓawon kowane gindi da farce in ga ko da kore a ciki. Layin farko da na biyu babu. Sauran sai ruwan sama ya faɗi za a sani.

Sabulu dai ya yi kumfa. Garin neman gira an rasa ido.

Ezeleda

Mombasa, 22 ga Satumba

Shikamo, Shangazi, ko ba za ki amsa ba.

Ina fata gwiwar ba ta tashi ba bayan jidon ruwan nan. Mu muna lafiya. Ki yi wa matan zumunta godiya a madadina, ɗaya bayan ɗaya.

Na karanta takardarki na yi fushi, na rubuta amsa shafi uku na yaga. Da yamma Keziya tana wanke-wanke, na ce mata, in aka ce miki ga ruwan wanki ki fitar waje, ina za ki kai shi? Ko juyowa ba ta yi ba ta ce, gindin shuka mana, sai ka ce ba ɗan Dodoma ba. Ban iya cin abinci ba ranar.

A wurin aiki haka muke kiransa, shekara tara bakina ya saba, ban tsaya na ji yadda zai sauka a kunnenki ba. Zancen gishiri kuma gaskiyarki ce, gajiya nake ji ranar, na ce me zai sa in yi ta bayani. Laifin nawa ne, ki yafe min. Har yanzu dai ina cewa da ba ki mai da shi kullum ba, da an tsira da fiye da haka, wannan ba zan janye ba.

Zan nemi hutu a Disamba. Zan zo da sabon dashe in sake layukan da suka mutu da hannuna, in kuma ɗauke injin in kin ce a ɗauke.

Ɗanki,
Nasoni

Dodoma, 19 ga Janairu, 1997

Nasoni,

Marahaba. Na riƙe ta wata huɗu, ta ishe ni nauyi. Ina lafiya, ina fata ku ma haka. Disamba ta zo ta wuce, na san otal cike yake da baƙi lokacin Kirsimeti, ban sa ido a hanya ba.

Ruwa ya sauka mako biyu kafin Kirsimeti, ya yi kyau. Na ba su mako uku cur, kullum da safe ina bin layi ina duba idon rassan ko sun tofo. Shida suka tofo, duk a ƙarshen layi na biyar inda ruwan tiyon bai cika kaiwa ba. Talatin da biyar na sa an tone, suna jingine a bayan kicin, na kasa sa su a murhu. Shidan ma ganyensu ƙanana ne, bakinsu ya fara ƙonewa tun yanzu.

Kada ka wahalar da kanka da sabon dashe. Na watsa wake a inda aka tone don in gwada ƙasar, ya fito ya kwanta cikin kwana goma. Malamin gona, wanda yanzu ya zama masani, ya ce sai an yi damina uku ko huɗu kafin ta wanke. Inabi kuma shekara uku yake kafin ya ba da 'ya'ya. Shekarata sittin da tara, ka iya lissafi, ni na koya maka.

Ga abin da na yi, kuma ba shawara nake nema ba. Na yanki reshe ashirin mafi lafiya daga shidan nan kafin su bi 'yan'uwansu, na naɗe a jiƙaƙƙen buhu, na haura rafi na kai wa Zabloni. Ka san shi, shekara ashirin yana roƙon ubanka reshe ɗaya na wannan iri, ubanka yana ce masa ya je ya shuka rogo. Na tsaya a ƙofarsa da buhu a hannu na roƙe shi ya karɓa. Bai yi min dariya ba, da ma ya yi da ya fi min sauƙi. Ya kawo min kujera, ya dasa su a gabana, sha bakwai sun kama.

Injinka yana nan a bushe, ba ya yoyo, ka zo ka ɗauka ko ka bari, duk ɗaya ne a wurina. Amma ranar da ka kawo 'yan biyu su ga inabin kakansu, ba gidan nan za ku tsaya ba. Ku haura rafi, ka cire hula a ƙofar Zabloni, ka yi sallama, ka jira a ba ka izini.

Shangazinka,
Ezeleda